Ɗana mai shekara 12 yana haki da zarar ya yi ɗan gudu: ƙiba ce ko ciwon zuciya?

Maman Yara Huɗu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da malaman makaranta da iyayen da suka taɓa ganin irin abin da zan bayyana. A Kano muke zaune, kuma ɗana na biyu yana da shekara 12, yana aji ɗaya a ƙaramar sakandare. Tun yana firamare yaro ne mai jiki, amma daga bara zuwa bana ƙibar ta ƙaru sosai, har wandunan makarantarsa suka daina shigarsa a ƙugu alhali ba su ɗage masa a ƙafa ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haki. Idan ya hau matakalar bene, ko ya bi ƙannensa da gudu a tsakar gida, sai ya tsaya ya dafa gwiwoyinsa yana mayar da numfashi, kuma yanzu ya daina fita ƙwallo da yaran unguwa, yana cewa kullum a raga suke ajiye shi.

Na sa an auna shi a wani kemis, aka samu nauyinsa kilo 56, tsawonsa mita ɗaya da rabi. Mai kemis ɗin ya yi lissafin da ake kira BMI, mai kwatanta nauyi da tsawo, ya samu 24.9, ya ce tunda bai kai 25 ba babu wata matsala, jikin girma ne kawai. Kakarsa ma a kan haka take, tana cewa yaro ya samu ƙoshi ne, mu gode wa Allah mu daina sa masa ido.

Abin da ya ƙara rikita ni shi ne 'yar yayata da nake riƙo, mai shekara 13. Ita siririya ce, nauyinta kilo 38, tsawonta ya ɗan ɗara nasa kaɗan, amma ita ma da ta yi aiki mai ɗan nauyi, kamar jan ruwa ko wanki mai yawa, sai ta ce zuciyarta tana bugawa da sauri kuma tana ganin jiri. Idan ƙiba ce take kawo haki, ita me ya kawo nata?

Su biyun a adaidaita sahu suke zuwa makarantar boko su dawo, da la'asar su tafi Islamiyya, bayan magariba kuma sai aikin gida da talabijin da wayata. Kuɗin tara da nake ba shi yawanci a lemon kwalba da fanke yake ƙarewa. Ina so a gaya mini ko nauyin nasa ya wuce kima, ko hakin nan abin da za a ji wa tsoron ciwon zuciya ne, sannan ko in rage masa abinci ne ko in tilasta masa gudu. Allah Ya saka da alheri.

Malamin Wasanni ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni malamin wasanni da motsa jiki ne a wata sakandare a Zariya, kuma yara sa'o'in ɗanki su ne nake fita fili da su kowane mako. Maganar asibiti zan bar wa masu ita, amma abin da ya shafi haki da gudu zan iya yi miki bayani.

Abin da muke kira juriyar zuciya da huhu aiki ne na haɗin gwiwa. Huhu yana shaƙar iska, jini yana ɗaukar iskar oksijin daga huhu, zuciya tana tura jinin zuwa ga tsoka, ita kuma tsoka tana amfani da iskar ta samar da ƙarfin motsi. Masana suna auna wannan juriya da yawan oksijin da jiki yake iya amfani da shi a minti ɗaya idan mutum ya yi iya ƙoƙarinsa, sannan su raba adadin da nauyin jiki, domin duk wanda yake gudu jikinsa yake ɗauke da shi. A nan ƙiba take shigowa. Mu ɗauki yara biyu waɗanda kowannensu jikinsa yana iya amfani da lita biyu ta oksijin a minti, ɗaya kilo 40, ɗayan kilo 56. Na farko kowane kilo na jikinsa yana samun mililita 50, na biyun kuwa abin da yake samu bai wuce 36 ba. Zuciyar na biyun ba ta gaza ta na farkon ba ko kaɗan, sai dai shi yana gudu ne kamar wanda aka ɗora wa jarkar ruwa da ta kusa cika, don haka dole ya riga ɗan'uwansa gajiya. Saboda haka yaro mai ƙiba yana iya yin haki alhali zuciyarsa lafiyarta ƙalau.

Akwai gwajin da muke yi wa ɗalibai wanda wani masani mai suna Luc Léger ya fito da shi a Montreal ta ƙasar Kanada a farkon shekarun 1980. Ana ja layi biyu da tazarar mita 20 a tsakaninsu, yaro ya riƙa kai da komowa yana bin wata ƙara da ake sakawa, a fara da saurin kilomita 8.5 a sa'a, kowane minti a ƙara rabin kilomita, har ya kasa riskar layi kafin ƙarar ta tashi. Gaskiya ne cewa galibi masu ƙiba su ne suke fara fita. Amma abin da nake gani, kuma nake so iyaye su sani, shi ne akwai yaro mai jiki da yake zuwa makaranta a keke kullum, ya zo ya wuce sirara da yawa waɗanda daga aji sai ɗaki. Sikeli ba ya nuna wannan bambancin, fili ne yake nuna shi.

Maganar ajiye shi a raga ta taɓa ni, domin ta nan ne yara da yawa suke sulalewa daga wasa. Yaro ya yi nauyi sai ya fara haki, abokai su fara zolayarsa ko su ƙi ba shi ƙwallo, ya ji kunya ya koma gida, zaman gida ya ƙara masa nauyi ya kuma rage masa juriya, wata rana ko gajeriyar tafiya ta zama masa aiki. Shekara 11 zuwa 14 su ne shekarun da wannan ya fi faruwa, kuma wanda ya bar fili a wannan lokaci da wuya ya koma da kansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 suna bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai matsakaicin ƙarfi zuwa mai ƙarfi a kowace rana idan aka daidaita mako, sannan aƙalla kwana uku a mako a haɗa da mai ƙarfi sosai da wanda yake gina tsoka da ƙashi. Hanyar gane matsakaici ita ce yaro yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba, mai ƙarfi kuwa sai ya yi kalma biyu ko uku ya tsaya ya ja numfashi. Ba dole a yi minti sittin ɗin a jere ba. Idan Islamiyyarsu ba ta da nisa, tafiya da komowa a ƙafa da ɗan sauri ta ba shi wani kaso, keke da yamma ya ba shi wani. Kada ki fara masa da gudu mai tsawo, Hajiya, domin gwiwoyinsa za su yi ciwo, ya tsani abin gaba ɗaya. Wasa ya fi umarni tasiri a wannan shekaru, kuma wasanninmu na dandali kamar langa suna sa zuciya aiki fiye da atisayen da muke jera yara muna ƙirga musu. Idan ya dage, cikin wata biyu zuwa uku za ki ga hakin ya ragu, ko da allurar sikeli ba ta motsa ba.

Likitar Yara ta amsa:

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, kuma kin kyauta da kika kawo alƙaluman awo, domin da su za a iya yin magana mai tushe. Zan fara da gyara abin da aka gaya miki a kemis. Lissafin daidai ne: ana raba nauyi a kilo da tsawo a mita da aka ninka shi da kansa, wato 56 a raba da 2.25, ya ba da 24.9. Inda aka kuskure shi ne fassarar. Iyakar 25 (nauyi ya wuce kima) da 30 (ƙiba mai yawa) ta manya ce, waɗanda suka gama girma. Yara daga shekara 5 zuwa 19 ana duba nasu ne a jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007, wanda yake la'akari da shekaru da kuma jinsi. A jadawalin, yaro namiji mai shekara 12 tsaka-tsakinsa 17.5 ne, daga 19.9 zuwa sama nauyi ya wuce kima, daga 23.6 zuwa sama kuma an shiga ƙiba mai yawa. Ke nan ɗanki ya haura wannan iyaka ta biyu, kuma ya dace a ɗauki mataki yanzu, ba tare da firgita ba. Za ki iya ƙara wani awo a gida da tef ɗin tela: ki auna zagayen cikinsa daidai saitin cibiya, abin da ake so kada ya kai rabin tsawonsa, wato ga mai tsawon santimita 150 kada ya kai 75. Kitsen ciki shi ne ya fi alaƙa da ciwon suga da hawan jini daga baya.

Na yarda da bayanin Malam cewa yawancin haki irin wannan nauyi da rashin motsi ne suke kawo shi. Duk da haka, kafin a sa shi a wani tsari na motsa jiki, ina so likita ya gan shi ido da ido, ya saurari ƙirjinsa, ya auna hawan jininsa da maɗaurin hannu da ya dace da girman damtsensa. Akwai alamomin da idan an gan su ba a jira: suma ko faɗuwa a tsakiyar wasa, ciwon ƙirji lokacin gudu, bugun zuciya da yake tsalle-tsalle, kumburin ƙafa, kasa kwanciya a miƙe saboda numfashi, ko kuma a ce a dangi an taɓa samun matashi da ya rasu farat ɗaya ba tare da jinya ba. A ƙasashenmu har yanzu muna ganin yaran da ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta da ba a yi masa magani ba ya bi ya lalata musu ƙofofin da ke cikin zuciya, don haka ki tuna ko ya taɓa yin zazzaɓi tare da kumburin gaɓoɓi. Idan kuma hakin yana zuwa da tari, ko ƙara kamar fito a ƙirji, musamman da dare ko lokacin ƙurar hunturu, to a duba asma, wadda tana da magani kuma ba ta hana yaro wasa.

Abubuwa uku ne iyaye ba sa danganta su da ƙiba alhali suna da alaƙa da ita. Baƙi mai laushi a bayan wuya ko hammata, wanda ake ɗauka datti ne ana ta dirzawa ba ya fita, alama ce cewa jiki ya fara bijire wa sinadarin insulin mai daidaita suga a jini, kuma yana sa mu gwada suga. Minshari mai ƙarfi tare da ɗaukewar numfashi cikin barci yana hana yaro hutawa, ya wuni yana gyangyaɗi a aji. Na ukun shi ne ɗingishi, ko ciwon ƙugu ko gwiwa ba tare da an faɗi ba, domin yara masu nauyi a shekarun balaga kan ƙashin cinyarsu yana iya zamewa daga mazauninsa, kuma wannan yana bukatar hoton ƙashi da gaggawa, ba tausa ko ɗori ba.

Game da 'yar taki, idan tsawonta ya kai santimita 152, lissafinta yana wajen 16.4, iyakar rama ga mace mai shekara 13 kuwa 14.9 ce, don haka siririya ce amma ba ta faɗa cikin rama ba. Jiri da saurin bugun zuciya ga yarinya a wannan shekaru suna sa ni fara tunanin ƙarancin jini. Sinadarin himogulobin da ke cikin jini shi ne yake ɗaukar oksijin, idan ya yi ƙasa dole zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓin. Yarinyar da ta fara al'ada tana asarar sinadarin ƙarfe, wanda jiki yake gina jini da shi, kowane wata a daidai lokacin da jikinta yake girma da sauri, sannan ga zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da suke ƙara rage jini. Ki kai ta a yi mata awon jini, ki kuma tambaye ta a keɓe ko jinin al'adarta yana da yawa ko yana daɗewa. Ina ba da shawarar a san nau'in jininsu su biyun dangane da sikila, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS. Masu AS suna wasa kamar kowa, sai dai ya kamata su kiyaye gudu mai tsanani cikin zafin rana ba tare da shan ruwa ba.

Batun rage abinci kuwa, kada a sa yaro mai shekara 12 yunwa, kuma kada a ba shi shayin rage ƙiba ko wani haɗi da ake tallatawa. Maza sukan yi saurin tsawo ne a wajen shekara 13 zuwa 14, ke nan girman ɗanki yana gaba. Sau da yawa abin da muke nema shi ne nauyin ya tsaya inda yake ko ya rage saurin hawa, tsawo ya zo ya riske shi.

Baban Tagwaye ya amsa:

Ina gaida Malam da Likita. Ni a Katsina nake, kuma fannin abinci mai gina jiki na karanta. Ina da ɗan saɓani da Malam a wuri ɗaya, domin ina tsoron kada Hajiya ta fahimci cewa idan yaro ya samu juriya to maganar nauyi ta ƙare.

A ƙasar Sweden an bi diddigin maza fiye da dubu 700 waɗanda aka auna juriyarsu da nauyinsu suna shekara 18 lokacin tantance su don aikin soja, aka ci gaba da duba lafiyarsu har tsawon shekaru sama da talatin, kuma an wallafa sakamakon a 2014. Waɗanda suka fi juriya a ƙuruciya sun fi kuɓuta daga toshewar jijiyoyin zuciya da suka manyanta, wanda ya gaskata Malam. Amma binciken ya kuma nuna cewa masu ƙiba mai yawa, ko da suna cikin masu juriya, haɗarinsu ya fi na marasa ƙiba da ba su da juriya. Ke nan dole a kama duka biyun, kuma nauyi ta baki ya fi shiga.

Hajiya ta ambaci lemon kwalba, kuma a ganina nan ne wurin farawa. Kwalbar roba mai rabin lita ta irin lemon nan mai launin baƙi tana ɗauke da suga da ya haura giram 50, wato kusan ƙaramin cokali 13. Yaro mai nauyin ɗanki sai ya yi abin da ya kusanci sa'a guda yana tafiya da sauri kafin ya ƙona abin da ya sha cikin minti biyar, kuma abin sha ba ya ƙosar da ciki, yana gamawa zai nemi abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum yake samu a yini, kuma kwalba ɗaya ta isa ta cinye wannan kason. Gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka, aka fara karɓa a 2022, amma a ra'ayina kuɗin ya yi kaɗan da zai hana kowa saye, don haka aikin ya koma kan iyaye. Kada kuma a manta da namu na gida, domin zoɓo da kunun aya da fura da ake zuba wa suga ba awo, da shayin safe mai cokali huɗu, duk hanya ɗaya suke bi.

Ban ce a hana shi tuwo ko shinkafa ba. A rage malmala, a ƙara miyar ganye da wake da ƙwai da kifi idan da hali, a rage soye-soye, taliyar leda ta daina zama abincin dare na kullum, kuɗin tara kuma a maye gurbin wani ɓangarensa da abin da aka dafa a gida da gorar ruwa. Sharaɗin shi ne gidan gaba ɗaya ya canza. Idan aka ware masa kwanonsa daban ƙannensa suna shan lemo a gabansa, zai ɗauka horo ake yi masa, ya koma ci a ɓoye.

Kakarsa kuwa ina roƙon a bi ta a hankali, domin maganarta tana da asali. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai kyau, a Arewa maso Yamma kuma abin ya haura rabi. Wadda ta yi rayuwarta tana ganin yara suna ramewa dole ta ɗauki jiki a matsayin alheri. Sai dai yanzu matsalolin biyu suna zaune tare, wani lokaci a gida ɗaya, kamar yadda muke gani a gidan Hajiya. A duniya baki ɗaya, yara masu shekara 5 zuwa 19 da nauyinsu ya wuce kima sun tashi daga kashi 8 cikin ɗari a 1990 zuwa kashi 20 a 2022, adadin da ya haura miliyan 390. Idan da hali, a tafi da ita asibiti ranar da za a duba shi, ta ji daga bakin likita, domin ta fi karɓar maganar daga can a kan daga bakin suruka.

Maman Yara Huɗu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Likita, baƙin wuyan da kika ambata yana da shi, kuma yana minshari, amma bai taɓa suma ko kukan ciwon ƙirji ba. Zan kai su asibiti su biyun cikin makon nan in Allah Ya yarda. Shi namiji ne, mahaifinsa ya yarda zai gyara masa keke, kuma za su riƙa zuwa Islamiyya a ƙafa. Wadda ta rage mini ita ce yarinyar. Ta fara zama budurwa, ba zan bar ta ta fita gudu a titi ba, makarantarsu kuma ba ta da fili, darasin motsa jiki a allo ake rubuta musu. Idan an gyara jinin nata, ta wace hanya za ta samu wannan minti sittin ɗin a cikin gida?

Malama Mai Kula da 'Yan Mata ta amsa:

Hajiya, wannan tambaya ta biyu ita ce ta sa na shigo, domin ni uwar ɗakin kwana ce a wata makarantar 'yan mata, kuma matsalar ba ta gidanki kaɗai ba ce. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta aka wallafa a 2019, wanda ya tattara bayanan ɗalibai miliyan 1.6 masu shekara 11 zuwa 17 daga ƙasashe 146, ya samu kashi 81 cikin ɗari ba sa motsa jiki yadda ya kamata, kuma mata sun fi yawa, kashi 85, maza 78. A wajenmu dalilin a fili yake. Yarinya tana fara ƙirgar dangi sai a ce ta girma, ta daina tsalle-tsalle, ita ma kunyar jikinta ta kama ta, alhali a daidai wannan lokaci ne jikin mace yake ƙara kitse, na namiji kuma yake ƙara tsoka da jini. Shi ya sa za ki ga yarinyar da take tsere da maza tana shekara goma, ta kai sha huɗu ba ta iya zagaye fili sau ɗaya.

Tsakar gida ta isa. Tsallen igiya yana cikin abubuwan da suka fi sa zuciya aiki, ba ya bukatar wuri mai faɗi, kuma dirar da ake yi tana ƙarfafa ƙashi a shekarun da ƙashin mace yake ginuwa. Ta fara da minti ɗaya ta huta ɗaya, tana ƙarawa a hankali. 'Yar gala-gala da gaɗa, waɗanda iyayenmu suka tashi da su, motsa jiki ne cikakke idan an yi su da gaske, kuma idan kika bari ƙawayenta biyu ko uku na maƙwabta suna shigowa bayan la'asar ranar da babu Islamiyya, ba sai kin tura ta ba. Hawa da sauka a matakalar benen nan da ɗan sauri, da daka, da jan ruwa, duk suna cikin lissafi. Tafiyar Islamiyya a ƙafa da za a fara wa ɗan'uwanta ita ma ta shiga ciki, da hijabinta, tunda tare suke tafiya. Ki nema mata rigar ciki da ta kama ta daidai, domin 'yan mata da yawa abin da yake hana su tsalle ke nan kuma ba za su faɗa ba.

Akwai abin da nake so ki sa ido a kai tunda siririya ce. Muna kama 'yan mata da ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe, ƙawaye suke ba su don su yi jiki. Da yawansu magungunan sitiroyid ne, suna kumbura fuska da ciki, suna tayar da suga da hawan jini, suna raunana ƙashi, kuma wanda ya daɗe yana shan su ba a yanke masa farat ɗaya sai da kulawar likita. Ki yi mata maganar tun kafin wata ta riga ki, ki kuma hana 'yan gida kiranta da sunayen rama, kamar yadda za ki hana su kiran ɗan'uwanta da sunayen ƙiba. Abin da zai gina ta shi ne hanta da nama da kifi da wake da zogale da alayyahu, a haɗa da lemon zaƙi ko gwaiba don jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe, a kuma raba shan shayi da lokacin cin abinci domin yana rage tsotsar.

Su biyun a lura da lokaci. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, don haka bayan asuba ko gab da magariba ne lokacin wasa, da ruwa a kusa. Barci ma yana cikin maganar, domin mai shekara 12 yana bukatar sa'a 9 zuwa 12, mai 13 kuma 8 zuwa 10, kuma wayar da ake riƙewa bayan isha ita ce take cinye shi. Don ki san ko ana samun ci gaba, ki ware littafi ɗaya. Sau ɗaya a wata ki rubuta nauyi da tsawo da zagayen ciki, da yawan bugun zuciya a minti ɗaya da safe kafin su tashi daga shimfiɗa, da tsalle nawa ita take yi ba tare da tsayawa ba, da minti nawa shi yake ɗauka daga gida zuwa Islamiyya. Ki riƙa tafiya da littafin duk ranar da za ku koma asibiti, domin likita ya kwatanta da awon da ya yi musu a zuwan farko.